Tsohon jirgin ruwa mai ɗaki: lissafin da ya kamata Bakano ya yi kafin ya biya kuɗi

A shafukan gwanjo na Amurka da Ingila ana yawan cin karo da wani irin ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, mai tsawon ƙafa 24 zuwa 30, da ɗaki a cikinsa: gado a can gaba, ɗan madafi, banɗaki, wani har da firji. Ƙirar shekarun 1980 ne ko na 1990, da sunan Bayliner ko Sea Ray a jikinsa, fari tas a hoto. Kuɗin da aka sa masa kuwa sau da yawa bai kai na Corolla 'yar Kwatano ba, wasu ma kyauta masu su ke bayarwa muddin za ka zo ka ɗauke. Ɗan kasuwar da ya saba shigo da motoci, ko mai wurin shaƙatawa a bakin dam, ko magidancin da yake son ya riƙa kai iyalinsa Tiga a ƙarshen mako, dole ransa ya biya.

Sha'awar ba laifi ba ce. Ni kaina ina cikin masu son a ga ruwan da Allah ya ba jihar nan ya amfani mutane ta fuskoki da yawa, bayan noman rani da kamun kifi. Abin da ke damuna shi ne, ƙwarewar da muke taƙama da ita wajen sayen tsohuwar mota ita ce za ta fara yaudarar mai sayen jirgi. Bakano ya iya duba mota: ya saurari inji, ya leƙa ƙasa, ya shafa jiki ya gane inda aka yi ciko. Ya san ko me ya lalace akwai shi a Ƙofar Ruwa, akwai kuma bakaniken da zai ɗaura kafin la'asar. A jirgi kusan duk wannan ba ya aiki. Abin da ke kashe shi a ɓoye yake, kayan gyaransa ba sa kasuwarmu, kuma idan ya tsaya babu gefen titin da za a gangara a jira.

Dalilin arahar ma ya isa ya sa mutum ya dakata. A can, ajiye jirgi kuɗi ne. Ana biyan hayar wurin ɗaure shi, ana biyan inshora, ana biyan fitar da shi daga ruwa idan sanyi ya shigo. Jefar da shi ma kuɗi ne, domin jikinsa na faiba ne, ba a narka shi kamar ƙarfe. Idan gyaran da ke jiran jirgi ya fi ƙimarsa, mai shi neman wanda zai sauke masa kaya yake yi, ba ciniki ba. Mai saye kuma gyaran nan da aka yi shekaru ana ɗagawa shi yake saya. Araha ba ta ado.

Amma tun kafin a zo kan jirgin, a fara da ruwan. Birnin Kano ba shi da ruwan da zai ɗauki irin wannan. Kogin Challawa da kogin Kano da rani yashi ya fi yawa a cikinsu. Abin da ya rage shi ne madatsun ruwa. Babbar cikinsu ita ce Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birni, mai faɗin ruwa kusan murabba'in kilomita 178 idan ta cika. Sai Challawa Gorge a Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, sannan ƙanana irin su Bagauda da Watari ta Bagwai. Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka ba wuri ba ne da mutum zai zo kawai ya tura jirginsa. Sai ya nemi izini, kuma hikima ce ya gaisa da sarkin ruwa da masuntan wurin. Waɗannan madatsun an gina su ne don ban ruwa da sha, ba don yawon jirgi ba. Da rani ana sakin ruwan Tiga zuwa gonakin Kadawa da Kura, gaɓa ta ja baya, wurin da ka sauke jirgi a watan Oktoba ya zama taɓo a watan Afrilu. Ƙarƙashin ruwan akwai duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, a samansa akwai ragar masunta, a gefe akwai ciyawa. Jirgi mai ɗaki yana buƙatar zurfin kusan mita ɗaya kafin farfelarsa ta juya lafiya, nauyinsa kuma tan biyu da rabi ne zuwa sama, ban da tirelar da ke ɗauke da shi. Wannan ba kwale-kwale ba ne da samari huɗu za su tura. Yana son gangara mai ƙarfi, ta siminti ko ta tsakuwa, wadda mota mai jan ƙafa huɗu za ta yi baya da tirela har cikin ruwa ta kuma fito ba ta kafe ba. Wanda bai je da ƙafarsa ya ga wannan gangara ba, a damina da kuma tsakiyar bazara, bai kai ga maganar saye ba tukuna.

To a zo kan jikin jirgin, inda mafi yawan asara take kwance. Tun daga shekarun 1960 aka koma yin waɗannan jirage da faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin gam ya daskare. Faiba ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa, shi ya sa jirgi mai shekara talatin yake ƙyalli idan an goge shi. Sai dai ba faiba zalla ba ce. Bangon baya, wanda inji da farfela ke jingine da shi, a mafi yawan tsofaffin jirage katako ne mai fale-fale aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Haka dogayen ginshiƙan da ke kwance a ƙasan jirgi, waɗanda injin ke zaune a kansu. Haka daɓen da ake takawa. Duk inda aka huda aka ɗaura noti, ko aka sa tsani, ko aka wuce da waya, idan gam ɗin wurin ya saki, ruwa zai riƙa shiga kaɗan-kaɗan, ba shi da hanyar fita. Shekara goma, ashirin, katakon ya zama dusa a cikin kwanson da ke nan lafiya lau a ido.

Masu duba jirgi suna da hanyarsu. Za ka ga mutum ya ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba, ya durƙusa a bayan jirgi yana ƙwanƙwasa bangon taƙi bayan taƙi. Inda katako ke da rai, ƙarar a tsaye take, ƙwas-ƙwas. Inda ya ruɓe, sai ta koma bif-bif. Daga nan ya kama ƙafar farfelar, wato ƙarfen da ke riƙe da farfela a bayan jirgi, da hannu biyu, ya sa nauyinsa a kai ya danna, idonsa a kan bangon. In ya ga ya motsa ko da kaɗan, ko tsaga ta buɗe a kewayen notina, magana ta ƙare. Wani zai kwance noti ɗaya na can ƙasa ya jira. Idan ruwa mai kalar shayi ya biyo ramin, ya san abin da ke ciki. Sannan ya hau ya taka ko'ina da tafin ƙafa, yana neman inda ke lotsawa. Gyaran ruɓaɓɓen bango yana nufin a cire inji, a yanke faibar ciki, a ƙwaƙule katakon, a sa sabo, a sake lulluɓewa. A ƙasashen da ake wannan sana'a ma kuɗin aikin yakan haura kuɗin jirgin, balle a nan da za a nemo mai yi daga Legas ko Fatakwal. Tankin mai ma yana cikin wannan sahu: na alminiyam ne, a binne ƙarƙashin daɓe, kuma in ya fara yoyo sai an yanka daɓen kafin a kai gare shi. Ƙurajen da ke fitowa a ƙasan jirgi idan ya daɗe a ruwa su ne suka fi tsorata sabon shiga, amma a gaskiya su ne mafi sauƙi a cikin waɗannan.

Duk wannan ba a ganinsa a hoto ko bidiyo. A Amurka da Turai akwai masu sana'ar duba jirgi ga mai saye, su auna danshin jiki da na'ura, su gwada inji a kan ruwa, su rubuta rahoto. Wanda zai tura dala daga Kano bai biya irin wannan mutum ba, cinikin biri a sama ya yi. Kuma mai dubawar ya zama kai ka nemo shi, ba dillalin ba.

Injin shi ne wurin da kamannin mota ya fi yin ɓarna. Mafi yawan jiragen Amurka na wannan girma suna ɗauke da injin fetur na MerCruiser ko Volvo Penta, kuma asalin gangar jikinsa ta kamfanin General Motors ce, irin V8 mai lita 5.7 ko V6 mai lita 4.3. Bakanikenmu yana buɗe murfi zai yi murmushi ya ce, “Alhaji, wannan ai injin Chevrolet ne, ba wani abu. Kik ɗin ne ya mutu, bari in aika yaro Ƙofar Ruwa ya samo na mota.” Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma sauran rabin yana iya kashe mutum. Injin mota a buɗe yake ta ƙasa, in fetur ya ɗiga ko ya yi tururi iska ta kwashe. Injin jirgi a rufe yake cikin rami. Tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasan ramin ya taru. Tartsatsi ɗaya daga kik ko alfaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ya isa ya tashi jirgin. Shi ya sa kik na jirgi, da alfaneta, da distiributa, an rufe su ta yadda tartsatsi ba zai fita ba, kafireto da famfon mai kuma an yi su ta yadda fetur ba zai zuba cikin ramin ba. A ido kusan iri ɗaya suke da na mota, suna kuma hawa daidai, kuɗinsu ne ya ninka. Saboda wannan haɗarin ne ake sa fanka mai zuƙe iskar ramin, kuma ƙa'ida ita ce a kunna ta minti 4 kafin a murɗa makulli, a buɗe murfi a shinshina. Mai jirgin da ba zai iya ce wa bakanikensa “A'a Malam, a jira na ainihi ya iso” ba, bai kamata ya mallaki injin fetur na cikin rami ba.

Sanyaya injin ma daban ne. Babu lagireto. Ruwan da jirgin ke kai shi ake zuƙowa da wani famfo mai fukafukan roba, ya zagaya inji ko ya sanyaya ruwan cikinsa, ya bi ta salansa ya fita. Robar nan ana canza ta duk shekara ɗaya ko biyu, kuma in aka tayar da inji a kan tudu ba a haɗa masa tiyon ruwa ba, cikin ƙasa da minti ɗaya ta ƙone. Mutum zai so ya jiyar da abokai ƙarar injin a gida, ya lalata famfon bai sani ba, sai a tsakiyar Tiga allurar zafi ta haura. Ruwan madatsunmu da damina ja ne, cike da laka, ga leda da ciyawa masu toshe mashigar ruwa, don haka famfon zai fi saurin cinyewa a nan.

Sai ƙafar farfela, wadda ta ratsa bangon baya. Tsakaninta da jirgin akwai wasu robobi masu lanƙwasa da ke hana ruwa shiga. In suka tsufa suka tsage, jirgi yana iya nutsewa a inda aka ɗaure shi cikin dare. Kuɗin robar ba yawa, amma sai an cire ƙafar gaba ɗaya an daidaita ta da inji da wani ƙarfe na musamman. A duba sunan da ke jikin ƙafar. Idan OMC ne, a sani kamfanin ya durƙushe tun shekarar 2000, wasu kayansa ko a Amurka sai an sha nema.

Daga ina jirgin ya fito? Wannan tambaya tana da nauyi. Wanda ya rayu a ruwan gishiri, kamar na Florida, tsatsa ta ci hanyoyin ruwan salansarsa daga ciki, waɗanda a ruwan teku 'yan shekaru kaɗan suke yi a canza su. In suka huje ruwa ya koma cikin silinda. Daga irin waɗannan wurare ne kuma jiragen da guguwa ta nutsar suke shiga gwanjon kamfanonin inshora, kamar yadda aka gani bayan guguwar Ian a 2022. Jirgin da ya taɓa nutsewa, wayoyinsa za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito daga tafkunan arewacin Amurka ya tsira daga gishiri, amma yana da nasa ciwon: in ba a tsiyaye ruwan injin kafin sanyi ba, ruwan ya daskare ya fasa gangar jikin. Alamarsa a sandar gwada baƙin mai take. Idan man ya fito kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Awon injin jirgi da awa ake yi, ba kilomita ba. Masu harkar suna cewa na fetur kan kai awa 1,500 kafin ya nemi garambawul, na dizal kuma ya ninka haka sau uku ko fiye. Ƙarancin awa kuma ba abin murna ba ne koyaushe, domin zama ya fi aiki lalata injin jirgi.

Kawo shi gida wani babi ne. Faɗin irin wannan jirgi yakan kai ƙafa 8 da rabi, kusan mita 2.6, ko fiye, cikin kwantena kuwa bai wuce mita 2.35 ba. Ba zai shiga ba. Sai dai a ɗoro shi a jirgin dakon motoci ko a buɗaɗɗen faranti, inda ake caji da girman wurin da ya ci. Bayan kuɗin fito na kwastan da na ejan a Legas, ga tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Kano, wadda tsohuwar tirela mai busassun tayoyi ba za ta jure ba, gara a ɗora duka a babbar mota. Takardu kuma: a tabbata lambar jikin jirgin, mai haruffa da lambobi 12 da ke bugawa a bangon baya ta dama, ta yi daidai da ta takarda. A gida, rajistar jiragen da ke yawo a koguna da tafkuna tana hannun hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja. Wutar jirgin Amurka ta bakin gaɓa 120 ce, tamu 230, saboda haka cajar batir da firji da na'urar sanyaya ɗaki sai an canza ko an sa taransifoma.

Idan ya iso lafiya, sai ciyarwa. Injin V8 a matsakaicin gudu yana shan wajen lita 40 a awa ɗaya. Fita ta awa uku ta cinye lita ɗari da wani abu, ban da man motar da ta jawo shi daga birni ta mayar. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya sauya kama, kuma kowane kayan gyara da dala za a saye shi. Masu jirage a waje suna ware kusan kashi 10 cikin 100 na ƙimar jirgi don kula da shi duk shekara, amma a tsohon jirgi mai araha wannan awo ba ya tsayawa, domin kayan gyara ba su san nawa ka saye shi ba. Yanayinmu ma yana da nasa haraji. Ranar Afrilu da ke haura digiri 40 tana dusar da fenti, ta fasa kujeru, ta busar da kowace roba. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Da damina, jirgin da aka ajiye a tirela ba a cire toshiyar bayansa ba zai cika da ruwan sama har ya kai inji. Ɓeraye kuma suna son ɗakin jirgi. Rumfa ba ado ba ce, tana cikin kuɗin saye. Abin da muka huta da shi shi ne gishiri da ƙanƙara, kuma ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙafar farfela don ya ci tsatsa a madadinta, a ruwan daɗi na magniziyam ko alminiyam ake sawa, ba na zinki da jirgin teku ke zuwa da shi ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin fito ya kife a ruwan Bagwai, ɗauke da mutanen Badau, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla mutum 29. Allah Ya jiƙansu. An danganta abin da lodi fiye da ƙima. Jirgi mai ɗaki yana sa mutum ya ji kamar a falonsa yake, a kwashi 'ya'ya da na maƙwabta. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma yawancin 'ya'yan birni ba su iya iyo ba. Rigar kariya ga kowane mutum, daidai jikinsa, a sanye ba a ƙarƙashin kujera ba; tukunyar kashe gobara; anga da igiya mai tsawo; famfon kwashe ruwa mai aiki, da bokiti ko da batir zai mutu. Kada a bar yara su kwanta a ɗaki inji ko janareta na aiki, domin hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Hadarin farkon damina yana tasowa da iska cikin 'yan mintuna, kuma faɗin Tiga ya isa ya tada igiyar ruwa mai ƙarfi. Babu wanda za ka buga wa waya ya zo ya ja ka, sai masunta in sun hango ka. Shi ya sa ake raba mai kashi uku: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Banɗakin jirgi da baƙin man da ya taru a ƙasansa kuma ba a zubar da su a dam, domin ruwan Tiga shi ne ke gangarowa kogin Kano har matatar Tamburawa, mu sha a birni.

A ganina, wanda ya dage yana son jirgi mai ɗaki a Kano, ya nemi ƙarami, ƙafa 20 zuwa 23, mai injin ratayawa a baya irin na Yamaha. Wannan inji a waje yake, babu ramin tara tururi kewaye da shi, babu robobin bango, ana ɗaga shi idan ruwa ya yi ƙasa ko raga ta naɗe farfela, ana kuma kwance shi a sa a bayan mota a kai wa masu gyara, waɗanda ke akwai duk inda ake fito a ƙasar nan, daga Yawuri zuwa Lakwaja. Ya fi kyau ya fara nema a Legas, inda zai taka jirgin da ƙafarsa ya ga an gwada shi a ruwa, ko da yake a can ma gishiri ya taɓa shi. Ɗakin zai yi ƙanƙanta, amma a zafinmu ba kwana za a yi a ciki ba. Inuwa ce da wurin da mata za su kintsa, yara su huta.

Ya kuma lissafa ranar sayarwa tun yanzu. Masu neman irin wannan kaya a Kano ba su da yawa, kuma kai shi Legas kuɗi ne. Injin ratayawa yana da kasuwa kullum, tirela ma za a samu mai so. Gangar jikin faiba kuwa 'yan jari-bola ba sa auna ta, don haka jirgin da bangonsa ya ruɓe zai zauna ne a filin da aka ajiye shi har sai mai shi ya biya an sassare shi an kwashe.